Shin jituwar sauti tana da lissafi tsayayye? Amsa ga mai son koya wa kwamfuta nazarin kod

Tambayar ta fito daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta wanda ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu fiyano. Ya ce: "Ina son rubuta manhajar da za a ba ta waƙa mai muryoyi huɗu, irin waɗanda muke rerawa da do-re-mi, ta faɗi kod ɗin da ke ciki, ta kuma nuna inda aka karya doka. Shin jituwar sautin Turawa tana da lissafi tsayayye? In akwai, da wane tsari zan fara?"

Akwai lissafi, ɗan'uwa, sai dai ba guda ɗaya ba ne. Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko: wane kod (wato sautukan da ake kaɗawa tare) ne ke bin wane, kuma me ya sa wani jerin ke kai kunne ga hutawa, wani ya bar shi a rataye? Ta biyu: yaya kowace murya, sofrano da alto da teno da bas, ke tashi daga sautinta zuwa na gaba? Kowace da nata lissafin, kuma amsoshinsu sukan saɓa. Bari ka gani da lambobi.

Maɓallan fiyano, fari da baƙi, goma sha biyu ne kafin su maimaita kansu. Ba wa C lamba 0, C mai ɗagi 1, D 2, haka har B 11, daga nan ka koma 0 kamar yadda hannun agogo ke yi in ya wuce sha biyu. Tazarar maɓalli da maƙwabcinsa ita ce rabin taki. Kod ɗin C mejo ya zama 0, 4, 7. Na F mejo 5, 9, 0. Na G mejo 7, 11, 2. Don auna nisan kod biyu ta fuskar tafiyar muryoyi, sai ka haɗa kowane sauti na farkon da ɗaya daga na biyun, ka tara rabin takin da aka yi, ka zaɓi haɗin da ya fi arha. Muryoyi uku suna da haɗi 6, huɗu suna da 24, don haka kwamfuta ba za ta ko ji a jikinta ba. Daga C zuwa F: 0 ya tsaya, 4 ya hau 5, 7 ya hau 9, jimla 3. Daga C zuwa G: 7 ya tsaya, 0 ya sauka 11, 4 ya sauka 2, jimla 3.

To gwada C zuwa E mejo, wato 4, 8, 11. Sautin 4 ya tsaya, 0 ya sauka 11, 7 ya hau 8: jimla 2 kacal. A wannan ma'auni E mejo ya fi G kusa da C. Amma buɗe littafin waƙoƙinku, ka ɗauki duk wadda ke kan kii na C, wato wadda C ce do ɗinta: da wuya layi ya wuce ba G a ciki, E mejo kuwa baƙo ne, in ma ya zo to A maino yake yi wa share fage. Ga wata matsalar da ta fi wannan. Nisa ba ya da gaba da baya. Daga F zuwa G daidai yake da daga G zuwa F. A kiɗan Haydn da Mozart kuwa, F ya tafi G ya dawo C abu ne na yau da kullum, G ya koma F kuma abu ne da ake kaucewa. Ma'aunin nisa bai san alƙibla ba, alhali alƙibla ce ginshiƙin wannan kiɗa.

Masu kula da alƙibla su suka riga kowa. A 1722 Bafaranshe Jean-Philippe Rameau ya kafa ra'ayin cewa kowane kod yana da saiwa, kuma C-E-G da E-G-C da G-C-E kod ɗaya ne da aka juya. Kusan shekara ɗari bayan haka Gottfried Weber a Jamus ya yaɗa rubuta kod da lambobin Romawa gwargwadon matakin saiwarsa a tsanin sauti: I, IV, V da sauransu. Hugo Riemann a 1893 ya ƙara matse abin, ya ce ayyuka uku ne kawai: tonik, wato mazaunin da waƙa ke komawa, dominan, mai jan kunne zuwa tonik, da sabdominan, mai shirya dominan. Ta haka II da IV suka zama masu aiki ɗaya duk da sautukansu sun bambanta. Do-re-mi ɗin da kuke amfani da shi ma daga wannan dangi yake. John Curwen ya yaɗa shi a Ingila a ƙarni na 19, bisa aikin Sarah Glover, 'yan mishan suka kawo shi nan, kuma hikimarsa ita ce do tana bin kii duk inda ya koma. Kana rubuta matsayin sauti ne a gaban tonik, wanda shi ne ainihin abin da manhajarka ke buƙata.

Hanya mafi sauƙi ta mayar da wannan lissafi ita ce ƙidaya. Ka ɗauki tarin waƙoƙin da aka riga aka yi wa lambobi, ka ƙirga sau nawa kowane kod ya bi kowane, ka zuba a jadawali. Masana lissafi suna kiran irin wannan sarƙar Markov: abin da zai zo ya dogara ga wanda ake kai yanzu kawai. Jadawalin zai nuna maka V na zuwa I, II na zuwa V, VI na zuwa II ko IV, saiwa tana yawan sauka da tazarar biyar ko uku (kamar so zuwa do, ko do zuwa la), tana yawan hawa da taki ɗaya. Zai kuma nuna maka cewa dokar ta zamani ce da wuri. Trevor de Clercq da David Temperley sun yi irin wannan ƙidaya a 2011 kan waƙoƙin rok kusan ɗari, suka tarar bayan I babu kod da ya kai IV yawa, kuma IV ya tafi I kai tsaye abu ne gama-gari. A kiɗan buluz ma V zuwa IV zuwa I shi ne tsarin da aka saba.

Akwai masu ganin sarƙa ba ta isa ba, sai an yi nahawu. Dubi wannan jeri: C, A7, D maino, G7, C (lambar 7 na nufin an ƙara wa kod sauti na bakwai daga saiwarsa). Kod ɗin A7 ba shi da wata alaƙa mai ƙarfi da C ɗin da ya gabace shi. Gaba yake kallo: yana shirya D maino, shi kuma yana shirya G7, shi kuma yana shirya C na ƙarshe, wanda yake amsa C na farko. In ka zana wannan, reshe cikin reshe za ka samu, irin zanen da malaman harshe ke yi wa jimla. Terry Winograd ya rubuta manhajar da ke feɗe kod ta hanyar nahawu tun 1968, Mark Steedman ya rubuta nahawun jerin kod na buluz a 1984, Martin Rohrmeier kuma ya fitar da na kiɗan tonal, wato mai komawa ga tonik, a 2011. Dokokinsa gajeru ne: yankin tonik na iya rabuwa zuwa yankin dominan da tonik, yankin dominan na iya rabuwa zuwa yankin sabdominan da dominan, kuma kowane kod na iya samun nasa dominan a gabansa. Wannan ta ƙarshe ce ke ba da damar shiga cikin shiga ba iyaka, ita ce kuma ke bayyana sauya kii na ɗan lokaci. Har yau ana jayayya kan ko kunnen mutum yana riƙe dogon reshe da gaske. Dmitri Tymoczko na Jami'ar Princeton yana cikin masu cewa dokokin maƙwabtaka sun bayyana yawancin abin da ke cikin jerin kod na wancan zamani. Ni a ganina, a cikin layin waƙa ɗaya reshe gaskiya ne, kowa na jin A7 yana jiran abin da zai biyo baya. Amma da'awar cewa mai sauraro na riƙe reshe ɗaya na minti goma, wannan ta fi kama da abin da ido ke gani a takarda.

Yanzu koma ga ɓangaren nisa, don a nan lissafin ya fi daɗi, a nan kuma ɗalibai suka fi ruɗuwa. Leonhard Euler, shahararren masanin lissafin nan, ya zana wata raga ta sautuka a 1739, inda tazarar biyar ke tafiya ta gefe ɗaya, tazarar uku ta wani gefen. A sigar ragar da ake amfani da ita yau, kowace kusurwa uku kod ne, mejo ko maino. David Lewin a shekarun 1980, sannan Brian Hyer da Richard Cohn, suka farfaɗo da ita, suka mai da hankali kan motsi uku da ke riƙe sauti biyu su motsa ɗaya. Motsin P yana mayar da C mejo C maino, 4 ya sauka 3. Motsin L yana mayar da shi E maino, 0 ya sauka 11. Motsin R yana mayar da shi A maino, 7 ya hau 9. Kowanne in ka yi shi sau biyu ka dawo inda ka taso, kuma da su ukun za ka kai ga duka kod 24 na mejo da maino.

Zauna gaban fiyano ka yi P da L bi da bi: C mejo, C maino, A mai sauki (A da aka saukar da rabin taki) mejo, A mai sauki maino, E mejo, E maino, sai ga ka a C mejo. Motsi shida, kowanne yatsa ɗaya ne ya gusa da rabin taki, kuma sautuka shida kawai ka taɓa: 0, 3, 4, 7, 8, 11. Cohn ya bayyana wannan zagaye a 1996, ya nuna irinsa huɗu ne suka raba kod 24 ɗin nan, ya kuma kawo misali daga konshato na Brahms na goge da babban goge na 1887, inda kiɗan ya bi zagayen sak. In ka ce sai ka yi wa wannan jeri lambobin Romawa, za ka yi ta ƙirƙiro sauye-sauyen kii da ba wanda ya ji su. Ga irin wuraren nan a Schubert da Liszt da Wagner, ma'aunin nisa ya fi faɗin gaskiya.

Me ya sa kod mai sauti uku ke iya wannan sulɓi? Raba 12 gida uku daidai, ka samu 0, 4, 8. C mejo 0, 4, 7 ne, rabin taki kawai ya kauce daga rabon daidai. Duk kod ɗin da ya kusa raba zagayen daidai yana da 'yan'uwa masu kama da shi a kusa. Ke nan wannan kod yana da baiwa biyu da ba su da alaƙa da juna: yana da daɗi a kunne saboda saurin girgizar sautukansa, in an gwada su da juna, na kusa da 4 da 5 da 6, kuma yana da sauƙin gusawa saboda siffarsa a lissafi. Mawaƙan ƙarni na 18 sun fi cin moriyar ta farko, na ƙarni na 19 suka buɗe ta biyu sosai. Tymoczko ya faɗaɗa batun a 2006 a mujallar Science. Ya nuna cewa in ka ɗauki kowane kod a matsayin ɗigo, tafiyar muryoyi kuma layi tsakanin ɗigo biyu, to duk kod masu sauti biyu suna zaune ne a kan tsirin Möbius, wato tsirin takarda da aka murɗa rabi kafin a manne bakinsa biyu. Murɗin ya samo asali ne daga cewa C da E daidai yake da E da C. Sautuka biyu masu tazarar rabin zagaye suna tsakiyar tsirin, masu haɗuwa wuri ɗaya suna bakin gefe. A 2008 shi da Clifton Callender da Ian Quinn suka tsara yadda sararin ke canza siffa gwargwadon abin da ka yarda ka yi watsi da shi: bene (bambancin C na ƙasa da C na sama), ko jeri, ko kii, ko juyi, ko maimaici.

Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ga waƙoƙin cocinku kusan ba zai tsinana maka komai ba. P da L da R ba su san tonik ba, ba su san bas ba, ba su san G7 ba tunda sautinsa huɗu ne. Kar ka fara da su.

Abin da kake kira doka, yawancinsa daga darasin Johann Joseph Fux ya gangaro, littafin da ya wallafa a 1725 wanda Haydn da Mozart da Beethoven duk suka yi karatu da shi. Wannan ɓangare shi ya fi sauƙin rubutawa. Muryoyi huɗu suna ba ka tagwaye shida. Ga kowace tagwaye, cire lambar ta ƙasa daga ta sama, ka ɗauki ragowar bayan raba da 12. In ragowar 7 ce a kod biyu a jere, ko 0 ce a duka biyun, kuma muryoyin sun motsa, to ga tazarar biyar ko takwas masu tafiya tare, abin da malamai ke ja wa jan biro. A nan dole ka yi aiki da ainihin tsayin sauti, irin lambobin MIDI inda C na tsakiya yake 60, don in ka juya tazarar biyar ta zama ta huɗu, ita kuwa ba a hana ta tafiya tare a muryoyin sama ba. Haka za ka rubuta sauran: ti ta hau do, sauti na bakwai na kod ya sauka, muryoyi kar su tsallake juna. David Huron ya nuna a 2001 cewa yawancin dokokin nan ana iya fito da su daga yadda kunne ke rarrabe sautuka. Sauti biyu masu girgiza 2 da 1, ko 3 da 2, sukan narke su zama ɗaya a ji, in kuma suka motsa tare narkewar ta ƙaru, sai muryoyi huɗu su koma uku. Saboda haka ka ba kowace doka nauyi maimakon ka mai da ita haramci. Brahms da kansa ya tara misalan wuraren da manyan mawaƙa suka yi biyar da takwas masu tafiya tare, yana nazarin inda abin ya yi kyau da inda bai yi ba. Wanda kuma ya bi hanyar dokoki zalla har ƙarshe, Kemal Ebcioğlu, sai da ya rubuta kimanin 350 a shekarun 1980 kafin manhajarsa ta iya jera muryoyi irin na Bach.

Inda za ka sha wuya daban ne, kuma littattafai ba su cika faɗa ba: kafin ka ce wane kod ne, sai ka yanke waɗanne sautuka ne na kod, waɗanne ne masu wucewa kawai. Alto ta bi ta kan re tsakanin mi da do; ado ne, ko sabon kod? Sofrano ta riƙe sautinta bayan sauran sun gusa, sannan ta sauka. Wannan jinkiri ne, kuma a kan bugu mai ƙarfi yake faɗowa, don haka dokar "ɗauki abin da ke kan bugu" za ta yaudare ka. Ga kuma sanannen rikicin dab da rufewa: bas na kan so, na sama suna do da mi, sannan su sauka ti da re. Manhaja mai ƙirga sautuka za ta ce I ne da aka juya. Malamai da yawa za su ce V ne tun farko, do da mi jinkiri ne kawai a kansa. Duka biyun suna cikin littattafan koyarwa, kuma wanda ka zaɓa zai canza jadawalinka. Lambobi 0 zuwa 11 ma suna ɓoye wani abu. Maɓallan 8, 0, 3, 6 in an rubuta na ƙarshen G mai sauki, dominan ne mai zuwa D mai sauki. In an rubuta shi F mai ɗagi, 8 zai sauka, 6 zai hau, su haɗu a kan G. Yatsu ɗaya, makoma biyu. Don haka kar ka zubar da sunan sauti lokacin da kake shigar da waƙa.

Heinrich Schenker, wanda babban littafinsa ya fito a 1935, shekarar da ya rasu, ya gina dukan nazarinsa kan wannan tambaya ta me ke ado, me ke ginshiƙi, yana ɓare waƙa mataki-mataki har a kai ga layi mai sauka zuwa do a kan I, V, I. Za a ce maka tsari ne na lissafi. Ba haka ba ne. Ƙwararru biyu sukan fito da zane biyu, kuma shi bai bar matakan da inji zai bi ba. Fred Lerdahl da Ray Jackendoff sun matso kusa a 1983 da suka raba dokoki gida biyu, masu faɗin zanen da ya halatta da masu faɗin wanda kunne ya fi so, sai dai ba su sa wa na biyun lambobi ba, kuma in biyu suka yi karo dole mai manhaja ya yanke da kansa.

Ga yadda zan tsara aikin da ni ne kai. Ɗauki music21, tarin kayan aiki na Python da Michael Cuthbert ya jagoranta a MIT; waƙoƙin coci na Bach masu muryoyi huɗu suna cikinsa, kuma tsohon tarin da ɗalibai ke karatu da shi yana da 371. Fara da mai duba dokokin muryoyi, don a nan za ka iya tabbatar da amsa da idonka. Sannan gano kii: Carol Krumhansl da Edward Kessler sun auna a 1982 yadda masu sauraro ke jin dacewar kowane sauti cikin 12 da wani kii, kuma gwada tsawon sautukan waƙa da waɗannan ma'aunai 24 yana ba da amsa mai kyau, yana ma cikin music21. Daga nan, a kowane bugu ka bar kod uku ko huɗu a matsayin 'yan takara, kowanne da farashin sautukan da ya kasa bayyanawa, ka ƙara farashin tashi daga wani zuwa wani daga jadawalinka, ka bar dabarar Viterbi ta nemo hanya mafi arha daga farkon waƙa zuwa ƙarshe. Nahawu ya biyo baya, in ka ga sauya kii na ba ka matsala. Ka ware wasu waƙoƙi da manhajar ba za ta gani ba sai ranar gwaji, ka kuma sa mutum biyu su yi musu lambobi kowa shi kaɗai. De Clercq da Temperley, duk da ƙwarewarsu, sun dace a sama da kashi 90 cikin ɗari ne, ba duka ba. Inda mutanenka biyu suka saɓa, kar ka ɗora wa manhaja laifi.

Game da waƙoƙin da aka tsara a nan gida, ka yi hattara da jan biron. Dokokin Fux suna fifita muryoyi su yi hannun riga, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. A harsuna masu karin sauti irin namu, hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma, shi ya sa a al'adun rera waƙa da yawa na Afirka ta Yamma muryoyi ke tafiya tare, kowa ya bi lanƙwasar maganar. Waƙar makaɗan gargajiya da 'yan amshinsu kuwa ba a kan jerin kod aka gina ta ba tun asali, lambobin Romawa ba su da abin kamawa a cikinta. Masanin kiɗa ɗan Gana Kofi Agawu ya yi rubutu mai zafi kan yadda tsarin I, IV, V ya shigo nahiyar ta coci da makaranta ya danne wasu hanyoyin. Saboda haka ka ajiye nauyin dokoki da jadawalin kod a fayil daban da jikin manhajar, ka rubuta a samansa daga wane tarin waƙoƙi aka ƙirga su. In mawaƙanku suka kawo waƙar da wani ya tsara da Hausa, sai ka ƙirga sabon jadawali daga irinta.